Amsoshin Tambayoyinku: Masar, Habasha da ruwan Kogin Nilu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, ma'abociyar sauraron rediyo. Shekara da shekaru ina jin Masar na ta da jijiyar wuya a kan madatsar ruwan da Habasha ta gina a Kogin Nilu, har wani lokaci a yi ta maganar yaƙi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, dam ɗin nan a cikin ƙasar Habasha yake, da kuɗinta ta gina abinta, kuma tsakaninsa da Masar akwai Sudan ɗungurungum. To ina ruwan biri da gada? Ko dai fin ƙarfi ne kawai?

Daga wata mai karatu, Gumel, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Akwai fin ƙarfi a cikin maganar, kuma zan zo kansa. Amma tsoron da Masar ke ji ba na ƙarya ba ne, kuma mu da muka tashi a ƙasar da ake damina yana yi mana wuya mu gane shi.

Manomin Gumel idan watan Yuni ya kama, gabas yake duba ko hadari ya haɗo. Manomin Masar bai san wannan ba. Ruwan saman da ke sauka a Alƙahira a shekara guda bai wuce milimita 25 ba, abin da ruwa ɗaya mai ƙarfi na watan Agusta zai zubar a garinku kafin a idar da sallar la'asar. A Aswan, can kudu, akan yi shekaru ba a ga ɗigo ba. Duk da haka mutum sama da miliyan 100 ke zaune a ƙasar, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari sun cunkushe ne a bakin kogin nan da kuma inda ya rarrabu kafin ya faɗa Bahar Rum, wato a kan abin da bai fi kashi 5 cikin ɗari na faɗin ƙasar ba. Sauran duk yashi ne da duwatsu.

Lokacin da nake karatu a Alƙahira na taɓa bin jirgin ƙasa zuwa Aswan. Ta taga ɗaya kina ganin gonakin rake da alkama da ciyawar dabbobi, kore shar, ga dabino, ga injin ban-ruwa yana ta ƙara a bakin magudana, ga yaro yana jan jaki. Ki ɗaga ido kaɗan, sai ki ga inda koren ya tsaya cak kamar an yanka da wuƙa, daga nan sai jan tudu da rairayi har iya ganinki. A wasu wuraren mutum na iya sa ƙafa ɗaya a baƙar laka, ɗaya a yashi. Maƙabartun ƙauyuka da yawa a kan yashin suke, don ƙasar da ruwa ke kaiwa ta fi ƙarfin a yi kabari a cikinta.

To ruwan nan daga ina yake zuwa? Nan ne gizo ke saƙar. Kogin yana da manyan rassa biyu. Farin Nilu yana fitowa daga Tafkin Biktoriya ta garin Jinja a Yuganda, ya shiga wani makeken dausayi a Sudan ta Kudu da ake kira Sudd, inda rana da ciyayi ke shanye kusan rabinsa. Shuɗin Nilu kuma daga Tafkin Tana yake saukowa, a tsaunukan Habasha. Suna haɗuwa a Khartum. Kimanin kilomita 300 a arewa da nan Kogin Atbara ya shigo, shi ma daga Habasha, kuma daga kansa an rufe ƙofa. Babu wani rafi da ke ƙara masa ko cokali ɗaya har teku. Idan aka auna ruwan da ke isa Aswan, wajen kashi 85 cikin ɗari daga tsaunukan Habasha yake. A taƙaice daminar Habasha ce Masar ke sha, kuma daminar tana faɗuwa ne a watannin da tamu ke faɗuwa, Yuni zuwa Satumba. Shi ya sa a 1984, da fari ya ƙone mana gero a nan, Habasha ta faɗa yunwa, Nilu kuma ya ja baya ƙwarai.

Masarawa sun daɗe da sanin cewa rayuwarsu a hannun wannan cikar kogi take. A tsibirin Rauda, tsakiyar Alƙahira, akwai wata rijiya mai matakala da aka gina a shekarar 861, zamanin Halifa Mutawakkil na Abbasiyawa. A tsakiyarta an kafa ginshiƙin dutse mai zane-zanen awo. Na sauka cikinta, wuri ne mai sanyi, yanzu a bushe yake. A da idan ruwa ya kai kamu 16 a jikin ginshiƙin, sai a yi shela a gari, a yi biki, hukuma kuma ta san harajin da za ta yanka wa manoma a shekarar. Idan ya gaza, farashin alkama ya tashi tun kafin a yi shuka. Tsakanin 1065 da 1072, zamanin Halifa Mustansir na Faɗimiyawa, kogin ya yi ta gazawa ga kuma rikicin sojoji, aka yi yunwar da har yau littattafan tarihinsu ke ambato da firgici. Ke ma kin san ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na tsanani. A ƙasar nan aka yi ta.

Masu tarihi sun rawaito cewa masanin nan Ibnul Haisam ya taɓa cika baki cewa zai iya sarrafa cikar Nilu. Halifa Hakim ya kira shi ya ce bismilla. Da ya je kudu da Aswan ya ga girman ruwan da idonsa, sai ya gane ba aikin zamaninsa ba ne, kuma da yake halifan ba a yi masa wasa, sai ya ɗora wa kansa haukan ƙarya har mutumin ya mutu a 1021.

Abin da ya gagare shi, shi shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya yi bayan shekara ɗari tara da 'yan kai. Da Amurka ta janye alkawarin ba da kuɗin ginin babban dam na Aswan a Yulin 1956, Nasir ya ƙwace mashigin Suwez a cikin watan, ya ce da kuɗin shigarsa za a yi aikin. Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai masa yaƙi a kan haka. Daga baya Tarayyar Sobiyet ta ba da bashi da injiniyoyi, aka fara a 1960 aka gama a 1970. Tafkin da ya taru a bayansa ya kai tsawon kilomita 500, yana ɗaukar ruwan kusan shekara biyu. Da shi Masar ta daina noma sau ɗaya a shekara ta koma biyu har uku, da shi aka kai lantarki ƙauyuka, kuma shi ya rufa mata asiri a farin shekarun 1980, lokacin da maƙwabta ke binne yara. Sai dai saura ƙiris tafkin ya kai inda injinan wuta za su tsaya, Allah Ya kawo babbar cikar 1988.

An biya farashi kuwa. Mutanen Nuba kimanin dubu ɗari aka tasa daga garuruwan kakanninsu, na ɓangaren Sudan aka kwashe su daga Wadi Halfa zuwa wani fili a gabas, nesa da kogin da suka sani. Lakar da ambaliya ke shimfiɗa wa gonaki kyauta duk shekara ta koma tana kwanciya a gindin tafki, manomi ya koma sayen takin zamani. Teku kuma ta fara cin gaɓa a wajen garin Rashid, gishiri na kutsawa cikin gonakin arewa. Na kawo wannan ne don ki ga Masar ta san abin da dam ke yi wa na ƙasa da shi, tunda ita ma ta gina.

Yanzu ga fin ƙarfin. A 1929 Ingila, wadda ke riƙe da Sudan da Yuganda da Kenya da Tanganyika, ta yi yarjejeniya da Masar, ta ba ta kaso mafi tsoka da kuma ikon hana duk wani aiki a saman kogin a waɗannan ƙasashe. A 1959 Masar da Sudan suka zauna su biyu suka ƙiyasta ruwan shekara a kan kiyubik mita biliyan 84. Masar ta ɗauki biliyan 55.5, Sudan biliyan 18.5, aka bar biliyan 10 wa rana, wato abin da zai tashi a tururi. Lissafi ya cika cif. Habasha, mai kashi 85, ba a gayyace ta ba, ba a kuma rage mata ko moɗa ɗaya ba. Ƙasashe 11 ne ke da hannu a kwarin kogin, biyu suka raba. Ni dai ban ga ta inda za a ce wa Bahabashe wannan takarda ta hau kansa ba. Kuma shekaru da dama Masar ta yi amfani da faɗa-a-jinta wajen ganin manyan masu ba da bashi ba su sa kuɗi a irin wannan aiki a Habasha ba. Shugaba Anwar Sadat ma ya taɓa faɗa a 1979 cewa ruwa ne kaɗai zai sake kai Masar yaƙi.

Habasha ta jira lokacinta. A Afrilun 2011, Masar na cikin ruɗanin juyin da ya kawar da Husni Mubarak, Firaminista Meles Zenawi ya aza harsashin dam ɗin a Guba, kusa da iyakar Sudan. Da ruwan ciki aka ja na rijiya: aka sayar wa 'yan ƙasa takardun lamuni, ma'aikatan gwamnati suka ba da daga albashinsu, 'yan Habasha mazauna waje suka aiko. An fara tara ruwa a Yulin 2020, injin farko ya ba da wuta a Fabrairun 2022, aka yi bikin buɗewa ranar 9 ga Satumban 2025. Yana ɗaukar kiyubik mita biliyan 74, ƙarfin wutarsa megawat 5,150. Don ki gane girman abin, Kainji megawat 760 ne, kuma akwai ranaku da yawa da wutar da ake raba wa Najeriya kaf ba ta kai ta wannan dam ɗaya ba. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 120, kusan rabinsu ba su da lantarki, matansu na hawa dutse neman itacen girki, wa zai ce mata kada ta yi?

Akwai abin da masu zafin kai na ɓangarorin biyu ba sa son a faɗa. Dam na lantarki ba ya shanye ruwa. Sai ruwan ya wuce ta cikin injin ya gangara kafin a samu wuta, don haka Habasha ba ta da riba a riƙe shi. An kuma yi sa'a shekarun da aka cika tafkin shekarun ruwa ne, tafkin Aswan na cike, manomin Masar bai ji a jikinsa sosai ba. Wannan ya sa wasu ke cewa ai ga shi an gama ba abin da ya faru, ihun banza Masar ta yi.

Ban yarda ba. Masar ba shekarar ruwa take tsoro ba. Tambayarta ita ce, idan irin farin shekarun 1980 ya dawo, shekara biyar ko bakwai a jere, tafkin Habasha ya yi ƙasa, na Aswan ya yi ƙasa, wa zai fara sakin nasa? Idan damina ta dawo, wa zai fara cikawa? Mai dam na sama zai so ya riƙe ruwa don injinsa ya ci gaba da juyawa, na ƙasa kuma gonarsa na ƙonewa. Tun zamanin Fir'auna, Masar da Allah kaɗai take wannan lissafi. Yau an samu mutum a tsakani mai riƙe da makunnin famfo. Ƙasar da rabon kowane ɗan ƙasa na ruwa ya faɗi ƙasa da kiyubik mita 600 a shekara, alhali masana na ɗaukar ƙasa da 1,000 a matsayin ƙarancin ruwa, wadda ke tace ruwan da ya fito daga gonaki ta sake mayar da shi gona, wadda ta ƙayyade wa manoma inda za su shuka shinkafa, wadda kuma tana cikin manyan masu sayen alkama a duniya, ba ta da rarar da za ta yi caca da ita.

Ke da kike Jigawa ba sai an yi miki dogon bayani ba. Tambayi dattawan Hadejia da Nguru da Gashuwa yadda fadamunsu suke kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, da yadda suka koma. Kano ta samu ruwan sha da noman rani a Kadawa, na ƙasa suka ga ambaliyar da suke noman shinkafa da kamun kifi da ita ta canza hali, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Wannan fa a cikin ƙasa ɗaya, ƙarƙashin gwamnati ɗaya.

Abin da ake ja a kai shi ne rubutacciyar yarjejeniya. Shugabannin ƙasashen uku sun sa hannu a wata sanarwar manufofi a Khartum a Maris 2015, amma ba ta faɗi adadin ruwan da za a saki a shekarar fari ba. An zauna a Washinton, aka watse a farkon 2020 Habasha ba ta sa hannu ba. An je Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya mayar da maganar ga Tarayyar Afirka. Masar na son takarda mai ɗaure kowa. Habasha na gudun kada a shigo mata da rabon 1959 ta bayan gida, a hana jikokinta noman rani da ruwan da ke sauka a kan tsaunukansu. A ganina Habasha ta yi gaskiya a kan ginin, Masar ta yi gaskiya a kan takardar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da tafkunan biyu suka yi ƙasa ba ranar da za a iya zama a yi lissafi cikin hankali ba ce.

Sudan kuwa tana tsaka mai wuya. Dam ɗin zai rage mata ambaliya irin wadda ta ci unguwannin Khartum a 1988 da 2020, ya rage lakar da ke cike mata madatsu, ya ba ta wuta mai araha. Amma dam ɗinta na Rusairis bai fi kilomita 100 da 'yan kai daga na Habasha ba, kuma ƙarami ne a kansa nesa ba kusa ba. Idan aka saki ruwa ko aka riƙe ba a sanar da ita ba, ita ce ta farko da za ta kwana a ciki.

Batun yaƙi, ban sa shi a raina ba. Tafki mai biliyan 74 idan aka fasa shi, Sudan zai fara sharewa.

TAMBAYA: Malam, a taswira na ga Nilu yana tafiya daga ƙasa zuwa sama. Yaya ruwa ke hawa?

Daga wani ɗalibin sakandare, Zariya.

AMSA: Ɗana, taswirar ce aka rataye a bango, ƙasa ba a rataye take ba. Arewa ba sama ba ce. Tafkin Biktoriya yana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,100 daga doron teku, Tafkin Tana wajen mita 1,800, Khartum ƙasa da mita 400, bakin Bahar Rum kuma sifiri. Gangara ce tun daga farko har ƙarshe, ta kimanin kilomita 6,650. Wani abin sha'awa, iska a Masar yawanci daga arewa take busowa. Saboda haka tun zamanin da, mai jirgin ruwa idan zai yi kudu sai ya buɗe filafilai iska ta tura shi, idan zai dawo ya naɗe ruwa ya kawo shi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mahaifina kan ba mu labarin ƙanin kakansa da ya tafi aikin hajji a ƙasa bai dawo ba. An ce ya zauna a Sudan a bakin kogi yana aikin auduga, har ya yi iyali. Me ya riƙa tsayar da mutanenmu a can? Kuma ana iya gano zuriyarsa?

Daga wani mai karatu, Tasawa, Jihar Maradi.

AMSA: Alhaji, labarin gidanku labarin gidaje dubbai ne. Mai tafiya Makka a ƙasa yakan bi ta Barno, ya ratsa Chadi da Darfur da Kurdufan, tafiyar shekaru, yana tsayawa yana aiki yana tara guzuri. Bayan wannan doguwar hanya mai ƙarancin ruwa, wuri na farko da zai tarar da ruwan da ba ya ƙafewa da ƙasa mai laka da aikin kuɗi shi ne bakin Nilu. Da yawa sun ce bari su yi shekara ɗaya su ƙarasa, shekarar ta zama rayuwa.

Abu biyu suka ƙara yawansu. Na farko, bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'ar da ta rage, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin da suka kafa har yau sunansa Mai Wurno, kuma ya zama masaukin duk wanda ya taso daga ƙasarmu. Na biyu, a 1925 Turawan Ingila suka gama dam ɗin Sinnar suka buɗe gandun Jazira, filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, don noma wa masaƙun Ingila auduga. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai ɗan gangare, ruwa na bin magudanai da kansa ba tare da inji ba, har gandun ya kai wajen eka miliyan biyu bayan an faɗaɗa shi. Auduga kuwa tana son hannu, wajen shuka da cira da tsinka, kuma Hausawa da Fulani da Barebari sun yi suna a wannan aiki. Wasu suka samu gona, mafi yawa suka zauna a matsayin 'yan ƙodago a rugagen gefen gandu. Wasu kuma suka kama kamun kifi da lambu a gaɓar kogi.

Ba zan ɓoye maka ba, zaman bai zo da sauƙi ba. Jikokin waɗanda aka haifa a can sun daɗe suna fama da masu ce musu baƙi, kuma maganar mallakar ƙasar noma ce ta jawo rikicin jihar Shuɗin Nilu a 2022, inda aka kashe ɗaruruwan mutane, Hausawa da maƙwabtansu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya shiga Jazira kanta. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojan Sudan a Disamban 2023, soja suka karɓe ta a Janairun 2025, jama'a da yawa sun watse.

Game da neman zuriyar, kada ka fara da sunan mutumin kaɗai, don Audu da Garba sun yi yawa. Ka haɗa sunansa da na mahaifinsa da sana'ar gidanku da sunan garin da ya taso, domin iyalai da dama a can sun riƙe sunan garin asali ko da Hausar 'ya'yansu ta gauraya da Larabci. Wuraren da za a fi tambaya su ne Mai Wurno da Sinnar da Wad Madani da Gadarif da Kasala da Damazin. Hanya mafi kusa a yanzu ita ce Hausawan Sudan mazauna Makka da Madina da Jidda. Idan wani naku zai tafi Umara, ka rubuta masa bayanan nan a takarda ya tafi da su.